Idon Dodo na Tara

Na biyun a tafin hannun Confidence ya fashe.

Ta ɗauko shi ne daga kan ƙyallen tebur za ta nuna wa wani dogon saurayi mai ƙahon roba a ka, sai aka ji ƙas, kamar an taka busasshiyar gyaɗa. Dunƙulen gilashin ya rabe gida uku. Jini ya tsattso a gindin babban yatsanta.

"Suwaiba, wannan abin naki cizo yake yi?"

Mai ƙaho ya ja da baya, ya yi wata magana da Turanci ta bayan fuskar robarsa, ya shige cikin jama'a.

Suwaiba ta zuba wa gutsattsarin ido. Minti goma da suka wuce na farko ya tsage shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi, ta ce wa ranta ƙila a mota ya bugu, ta tura shi ƙarƙashin tebur. Yanzu saura ɗaya a kan ƙyallen. Ta ɗaga shi saitin fitilar sama. Can cikin shuɗin, ƙasa da baƙin da ta yi masa na ƙwayar ido, akwai wani siririn layi kamar silin gashi. Tana kallonsa ya ƙara tsawo.

Ta ajiye shi a hankali, ta kifa kofi a kansa.

Idon dodo take kiransu. Dunƙulen gilashi ne mai girman ƙwan zabo, a igiyar fata, ana rataya shi a wuya. Goma sha biyu ta yi ranar Alhamis, duk a zubi ɗaya. Tun da aka buɗe zauren da safe su ne suka yi kasuwa, 'yan kunnenta da ƙananan kwalabenta ba wanda ya yi musu kallo biyu. Uku ne suka rage mata. Tara kuwa suna rataye a wuyan mutane, a cikin zaure mai faɗin filin ƙwallo, inda dubban masoya finafinai da wasannin kwamfuta suka taru, kowa ya yi shigar burtu. Wannan da kan kura, wancan da fikafikai, wani ya shafe jikinsa da fenti tun daga goshi har idon sawu. A cikin mutum goma da wuya ka ga fuskar biyu.

Confidence ta naɗe yatsan da tishu. Nas ce, 'yar Jos, shekararta goma sha biyar a Greensboro, jini ba ya ɗaga mata hankali. Fuskar ƙawarta ce ta ɗaga mata shi.

"Ke, yi magana mana. Mene ne?"

"Bai huce daidai ba."

"Me bai huce ba?"

"Gilashin. Duk zubin."

Abu na farko da aka koya wa Suwaiba ke nan a Zariya, lokacin tana aiki a sashen hura gilashi na ɗakin gwaje-gwaje. Gilashin da aka narkar ba a barinsa ya huce yadda ya ga dama. Sai an sa shi a tanderu, a riƙe shi da zafi, sannan a dinga sauke zafin kaɗan-kaɗan har awa shida. In ya huce da gaggawa, bayansa ya daskare cikinsa bai gama ba, to ya riƙe abin a ransa ke nan. A ido lafiya lau. Ya yi kwana biyu, ya yi mako, ranar da sanyi ko zafi ya sauya masa farat ɗaya sai ya tashi. Kuma gwargwadon kaurinsa, gwargwadon ɓarnarsa.

Amma ita ta saita tanderun da hannunta kafin su fita. Da suka dawo ta same shi a sanyaye, a jone, ƙofarsa a rufe.

Ta ɗauko waya ta kira gida.

Mahaifiyarta, Hajiya Nasiba, ta zo ne daga Zariya wankan jego wata biyar da suka wuce, ta zauna riƙon jaririya Hafsa a ɗan gidan hayarsu na unguwar Glenwood. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Yaya tashen Turawan? Ana ciniki?"

"Mama, ranar Alhamis da za mu sunan gidan Alhaji Lauwali, mun shiga mota kika ce kin manta carbinki, kika koma ciki."

"Na manta shi mana."

"Carbin kawai kika ɗauko?"

Can nesa Hafsa tana gwaranci.

"To, na zagaya na cire wayoyi. Kamar kullum."

"Kamar kullum?"

"Ke dai Allah ya shirye ku. Mutum ya fita yini guda ya bar gida ko'ina a jone? Talabijin, abin ɗuma abinci, ga wannan akwatin naki na baranda yana huci kamar gidan burodi. A gidan katako fa. Na zare shi daga bango, na ɗan buɗe masa baki ya sha iska. Da muka dawo kina fama da jakar yarinya na mayar da komai yadda yake, don na san halinki da mita."

Suwaiba ta dafa tebur.

"Mama, nan ba a ɗauke wuta."

"Haka babanku ya ce a Tudun Wada ranar da aka kawo ta da ƙarfi. Kina aji uku. Firji, rediyo, keken ɗinkina, har labulen ɗaki. Da bokiti muka kashe. Ni tun daga ranar ban ƙara juya wa soket baya ba, ko a Makka. Wani abu ne ya lalace?"

"Ba wa Abban Hafsa wayar."

Mijinta, Muhammad Awwal, ya karɓa yana tauna wani abu. Kafin ta gama bayani taunar ta tsaya. Ta ji ya fita baranda ya ja ƙofa.

"An ji wa wani ciwo?"

"Confidence kawai, a yatsa. Amma tara suna wuyan mutane. Kuma ƙarfe huɗu za a buɗe manyan ƙofofi, kowa ya fita filin mota a yi hoton taro. A nan ciki sanyin na'ura har haƙorana ke haɗuwa, waje kuma ka san ranar Agusta. Suna fita za su fara tashi."

"Ki tattara kayanki ki dawo gida."

"Abban Hafsa..."

"Saurare ni. Kin san abin da ke rubuce a bizarki. 'Yar rakiya ce ke. Ba ki da izinin sayar da ko allura a ƙasar nan, shi ya sa tun farko muka ce teburin ya zama da sunan Confidence. Shekara huɗu ina wannan digirin, saura wata tara. In sunanki ya shiga wata takarda a matsayin mai sana'a, ba ke kaɗai za a tambaya ba. Mu uku za mu hau jirgi, Mama ta huɗu."

"In ya fashe a maƙogwaron wani fa?"

"Ƙila ba zai fashe ba. Ba ki san fuskarsu ba, su ma gobe ba za su tuna taki ba. Don Allah, Suwaiba. Ban taɓa hana ki wannan aikin ba, ni na ɗauko miki tanderun a bayan mota. Yau ɗaya ina roƙonki."

Ta kalli agogon wayar. Uku saura kwata.

"Ba zan rubuta suna ba," in ji ta. "Da ƙafata zan neme su."

Ta kashe kafin ya amsa. Ta ɗauki almakashi da hankici biyu, ta ce wa Confidence duk wanda ta turo a mayar masa da kuɗinsa, ta faɗa cikin taron.

Ba fuska take kallo ba, ƙirji take kallo. Ta bi layin masu sayar da zane-zane, ta bi na masu takubban roba, idonta yana tsalle daga wuya zuwa wuya. Sarƙoƙi kala-kala, layu na ƙarya, haƙoran roba. Kiɗa yana tashi daga wani dandali a ƙarshen zauren har ƙasa na rawa. Wata yarinya mai gashi ruwan hoda ta tare ta, ta nuna hijabinta mai ruwan toka, ta tambaye ta da fara'a shigar wa ta yi, ko za ta yarda su yi hoto. Suwaiba ta ce mata ba shiga ba ce, ta raɓa ta wuce.

Na farko a layin abinci ta same shi, a wuyan wata mai kan kerkeci. Sai da ta maimaita bayanin sau uku, don kunnuwan matar na cikin soso. Da ta gane, ta cire da yatsu biyu ta miƙo, kamar mai miƙa mataccen ɓera. Na biyu da na uku wasu samari ne biyu cikin sulken kwali, suna zaune a ƙasa suna cin dankali. Ba su yi gardama ba. Ɗaya ma ya ce mata ta yi haƙuri, kamar shi ya yi laifin.

Uku da minti goma. Ƙafafunta sun fara zafi, nononta ya cika ya yi tauri, lokacin shan Hafsa ya wuce.

Na huɗun a ƙirjin wani ƙato ta hango shi, ba riga, ya shafe jikinsa da koren fenti. Idon dodon yana kwance a kan fatarsa kai tsaye, kuma tun daga nesa ta ga tsagar ta ratsa shi. Ta yi masa bayani da duk Turancin da take da shi. Ya ɗaga abin ya duba, ya yi dariya, ya ce ai haka ya fi kyau, yanzu ne ya yi kama da na gaske. Ta ce za a mayar masa da kuɗinsa. Ya ce shi ya saya, nasa ne. Ya juya zai tafi.

Ba ta san lokacin da ta kama igiyar ta bayan wuyansa ta datse da almakashi ba. Gilashin ya sulluɓo ta tare shi da hankici.

Ƙaton ya daka tsawa. Mutane suka buɗe fili, wayoyi suka ɗaga sama. Wani mai gadi baƙar fata, mai furfura a gemu, ya ratso da sauri yana magana a rediyon kafaɗarsa. Ya kalli almakashin, ya kalli hijabin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Suwaiba a hankali.

Mai gadin ya tsaya. Ya saki maɓallin rediyon.

"Ke ɗiyar ina ce?"

Ta ɗago da sauri. "Zariya."

"Ni Maraɗi. Maazou sunana. Sa almakashin nan aljihu tukuna, kahin su ce wuƙa ce."

Ya juya wurin ƙaton, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya nuna masa tsagar, ya nuna masa hanyar tebur. Ƙaton ya tafi yana ƙunƙuni. Wayoyi suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Maazou ya ja ta gefen wani ginshiƙi ya saurari labarin duka, yana girgiza kai. Da ta zo kan zare waya daga bango sai ya yi ɗan murmushi mara daɗi.

"Tsohuwata ma haka take. Har caja ba ta bari. Bon, saura nawa?"

"Biyar."

Ya kalli zauren. Sai ƙara cika yake, masu zuwa don hoton ƙarfe huɗu suna ta shigowa.

"Madam, da ƙahwa ba ki samunsu. Akwai bene na sama, akwai ɗakunan wasanni guda shida. Lasifika kaɗai ke isa ko'ina, ita kuwa tana biro, ofis ke nan, wurin masu taron. Kuma ba su buɗa baki sai an cika takardar hatsari, sai sun ga katin mutum sun ɗauki hotonshi." Ya dube ta da kyau. "Takardunki sun yarda ki yi ciniki?"

Suwaiba ta kau da ido.

"Na gane. To ni ban gan ki ba. In kin tahi gida yanzu, ban san ki ba, ban san teburinki ba. In kuma biro za ki, ga shi can, ƙohwa mai jan alama. Ni dai ba ni zaɓar miki."

Ta koma tebur. Uku da minti ashirin da biyar. Confidence ta riga ta fara naɗe 'yan kunne a takarda.

"Saura biyar," in ji Suwaiba. "Sai an yi sanarwa. Sai an cika takarda."

Confidence ta ci gaba da naɗi, ba ta ɗago ba.

"Teburin da sunanki yake," in ji Suwaiba.

"Na sani, Hajiya. Ni na sa hannu cewa duk abin da ke kansa aikin hannuna ne, ni da ko kwalbar lemo ban iya buɗewa ba sai da mabuɗi." Ta ajiye takardar. "Na ara miki suna don ki samu abin yi, kada zaman gida ya haukata ki. Ban ce zan ara miki wuya ba. In abin nan ya yanki wani aka je kotu, lasisina na nas fa? Yarana biyu, babansu kin san inda ya tsaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ƙawata. Mu kwashe mu tafi."

"Ba zan iya ba."

"Mijinki ya ce me?"

"Abin da kika ce."

"To mu biyu mahaukata ne, ke kaɗai ce mai hankali?"

Suwaiba ta ɗaga kofin da ta kifa ɗazu. Idon dodon da ke ƙarƙashinsa ya zama tsinke-tsinke, wani siriri mai tsini ya cake ƙyallen teburin ya tsaya a tsaye. Su biyun suka zuba masa ido.

Confidence ta ja tsaki, ta ɗauki jakarta.

"Mu je. Ni zan yi magana. Ke ki rufe bakinki kamar kurma."

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne mai warin kofi. Wata farar mata mai furfura, da kunnuwan kyanwa na roba a kanta da ta manta da su tun safe, tana zaune gaban kwamfuta. Confidence ta zuba mata Turanci tiryan-tiryan, irin na asibiti. Matar ta cire tabarau, ta jawo takarda.

Ta tambayi lambar tebur, Confidence ta faɗa. Ta tambayi guda nawa aka sayar, ta faɗa. Sannan ta tambayi me ya sa suke fashewa, kuma sauran kayan teburin da aka sayar yau, 'yan kunne da kwalabe, su ma za a ce a dawo da su ne ko kuwa.

Confidence ta gyara tsayuwa. Ta saci kallon Suwaiba.

Matar ta bi kallon. Ta ajiye biro, ta ce tambaya ɗaya za ta yi, kuma amsar ce za ta shiga takarda, don in wani ya ji ciwo kamfanin inshora wanda ya ƙera zai nema. Wa ya yi su?

Agogon bango ya nuna huɗu saura minti ashirin. Confidence ta damƙe madaurin jakarta. Ta ja numfashi za ta yi magana.

"Ni ce," in ji Suwaiba da Turanci. "Ni na yi su. Ita ba ta taɓa kunna tanderu ba. Shuɗayen nan goma sha biyu ne kawai, sauran kayan tun watan jiya aka gasa su, lafiyarsu ƙalau."

"Suwaiba," in ji Confidence.

"Bari kawai."

Matar ta turo takardar. Suwaiba ta rubuta Suwaiba Lawal, ta rubuta lambar gidansu a Glenwood, ta rubuta lambar waya. A gurbin da aka ce a faɗi musabbabi ta tsaya, bakin biron yana kan takarda. Ta rubuta cewa wuta ta katse wa tanderu, ba ta lura ba. Matar ta karɓi katin shaidarta ta ɗauki hotonsa gaba da baya, ta ce ta yi haƙuri amma dole a rufe teburin yanzu, tunda ba mai sunan ce ta yi kayan ba. Sannan ta jawo makirufo.

Suna tafe a tsakiyar zauren muryar ta fito ta ko'ina, ta danne kiɗan. Duk wanda ya sayi shuɗin idon gilashi a tebur na ɗari biyu da goma sha huɗu ya cire shi daga wuyansa yanzu, kada ya fita da shi rana, ya kawo. Aka maimaita sau uku. Kawunan kuraye da na tsuntsaye suka dinga juyowa suna neman teburin.

Suka fara zuwa. Wata mai doguwar baƙar alkyabba ta kawo nata a cikin safar hannu. Wani ya zazzage jakarsa a gabansu, nasa tuni ya tarwatse a ciki, ya yayyanka masa littafin zane. Wata mai fikafikan jemage ta ajiye nata ta tsaya tana zagi har sai da Maazou ya matso. Na ƙarshe wani dattijo ne cikin farar rigar 'yan sama jannati, ya buɗe zif ya nuna musu ɗan ƙarce a ƙirjinsa, jini ya bushe a kai. Ya ce tun ɗazu yake jin abu na sukarsa, ya zaci zif ɗin ne. Confidence ta goge masa ta manna filasta.

Suwaiba ta jera igiyoyin a kan ƙyalle. Takwas.

Suka jira. Huɗu saura biyar aka sake sanarwa. Ba wanda ya zo.

"Wa ya rage?" in ji Confidence. "Mai kerkeci, samarin kwali, koren nan mara kunya..."

Sai ta tuna. Suwaiba ma ta riga ta tuna, don a duk cinikin yau wannan ce kaɗai fuskar da ta gani sosai. Cinikin farko ne, ana buɗe ƙofa. Wata tsohuwa cikin kayan gida, da jikarta 'yar shekara shida ko bakwai, mai fikafikan malam-buɗe-littafi da giɓi a haƙoran gaba. Yarinyar ta nace sai idon dodo. Igiyar ta yi mata tsawo, tana kai mata har cibiya. Suwaiba da kanta ta zagayo ta durƙusa, ta rage igiyar, ta ƙulle ta sau biyu a bayan wuya don kada ta ɓace, har gilashin ya zauna daidai ramin maƙogwaro. Tsohuwar ta yi godiya, ta ce ba za su daɗe ba, da azahar akwai bikin ranar haihuwar wata ƙawar yarinyar a wurin shaƙatawa.

"Sun tafi tun rana tsaka," in ji Suwaiba. "Lasifika ba ta kai can."

"Da kati ta biya? A nemo sunanta."

"A hannu ta bayar."

Maazou ya yi magana a rediyo da masu gadin filin mota, ya kwatanta tsohuwa da yarinya mai fikafikai. Amsa ta dawo cikin ƙara. Yara masu fikafikai sun fi hamsin yau.

Ƙarfe huɗu aka zuge manyan ƙofofin. Zafin waje ya shigo kamar an buɗe murhu, taron ya kwarara fili da ihu da kiɗa. Cikin minti kaɗan zauren ya zama kango, sai masu tebur da tarkacen kofuna. Suwaiba ta fara naɗe kwalabenta ɗaya-ɗaya tana jerawa a kwali. Gaban rigarta ya jiƙe da nono, ta ja hijabi ta rufe.

Waya ta yi ƙara. Ta daɗe tana kallon sunan kafin ta ɗauka.

"Kin taho?" in ji Awwal.

"Na rubuta suna."



"Yadda yake a fasfo?"

"E. Sun ɗauki hoton katina."

"To."

"An samo takwas, Abban Hafsa. Wani har ya fara yankarsa."

"Na taran fa?"

Ta kalli igiyoyin da ke kan ƙyalle. Ta bayansa ta jiyo muryar Mama daga kicin tana tambaya ko a ɗora shinkafa ne, ko 'yan kasuwa sun ci a can.

"Ban gaya mata ba," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta zaci kaya ne kawai suka lalace, tun ɗazu take cewa za ta sayar da ɗan kunnenta ta biya ki. Kada ki gaya mata sauran. Hawan jininta."

"Ba zan faɗa ba."

"Ki dawo, yarinya tana kuka."

Ya kashe. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

Confidence ta naɗe ƙyallen teburin da tarkacen gilashin a ciki, ta ɗaure bakinsa. Maazou ya kawo musu keken tura kaya, ya ce zai raka su ta ƙofar baya, ta fi kusa da mota. Suna ɗora kwali na biyu Suwaiba ta ga wata mata tana tahowa ta tsakiyar layin teburan da ba kowa, tana duba lambobi. Baƙaƙen kaya, bel mai nauyi, hula a hammata. Tun safe Suwaiba ta ga sojoji da 'yan sanda sun fi ashirin a zauren nan, da bindigogin roba masu jan baki, don haka ta mayar da kanta kan kwalinta.

Maazou ne ya saki keken ya miƙe tsaye sosai.

"Ƙawata," in ji Confidence a kunnenta, "wannan ba shiga ba ce."

'Yar sandar ta tsaya a gaban teburin. A hannunta na hagu akwai takardar da Suwaiba ta cika, a na dama 'yar jakar leda mai haske. Cikin ledar guntuwar igiyar fata ce, an datse ta da almakashi kusa da ƙulli biyu, rabinta ya yi baƙi ya ƙandare.

Ta kalli Confidence, ta kalli Suwaiba, ta duba takardar, ta karanto sunan a hankali, harafi-harafi. Ta ce daga asibitin yara take. Ta ce akwai tambayoyin da za ta yi, kuma za ta so ganin fasfo da takardun zama, in suna kusa.

"Suna gida," in ji Suwaiba.

'Yar sandar ta ce ba komai, motarta na waje, sai su je gidan tare.